Kokawar Kibiya Tsakanin Yakasai da Kabuga

Sana'ata ba ta da sunan da za a faɗa a gidan biki mutum ya huta da tambaya. Mai kamfani ne zai rubuta mini takardar izini ya sa hannu, ni kuma in zauna in yi ƙoƙarin kutsawa cikin kwamfutocinsa kamar yadda ɓarawo zai yi. In na samu kafa sai in nuna masa ya toshe tun kafin na gaskiyar ya zo. Gwajin tsaro ake ce wa aikin. Gwaggo, yayar babana da muke zaune gida ɗaya a Yakasai, ta saurari wannan bayanin har ƙarshe, sannan ta ce wato dai sata da izini. Tun daga ranar haka take gabatar da ni ga baƙi.

Kayan aikina duk suna cikin manhaja guda, babba, wadda ita kanta tsarin kwamfuta ce sukutum, da tagoginta da hotunanta. Wasu 'yan sana'ar baƙin allo mai rubutu zalla ya ishe su. Ni bai ishe ni ba, domin wasu kayan sai an gani da ido ake gane abin da suke nunawa, kuma masu ba ni aiki ba sa yarda ana aiki sai sun ga abu yana motsi a allo. Laftof ɗina kuwa ta tsufa. Da na buɗe tagogi uku sai ta fara huci, ta yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya.

Shi ya sa da na ji wani ofishi a wajen Kabuga zai tashi yana sayar da tsofaffin kayansa, na je na sayi sabarsu. Saba wata ƙatuwar kwamfuta ce mai kama da akwatin ƙarfe, wadda ake ajiyewa wuri ɗaya tana aiki, mutum ya riƙa shiga cikinta daga nesa ta intanet. Niyyata in ajiye ta a gida ta ɗauki nauyin, ni kuma in riƙa yawo da tsohuwar laftof ɗina kamar taga, ina leƙawa.

Adaidaita ba ta shiga lungunmu, don haka a bakin titi aka sauke ta. Wani dattijo mai kura ya turo ta, yana tambayata a kowace kwana ko firji ce, ina ce masa a'a. Da muka iso ƙofar gida ya sauke, ya share gumi, ya ce, “Hajiya, ko ma mece ce, kada ki sa mata nama da yawa ranar farko.”

Gwaggo ta leƙo ta tambayi sunan abin. Na ce saba. Ta ce da wa ta saba? Na ce suna ne kawai. Ta ce to Allah ya sa ta saba da mu.

A ƙaramin ɗakin da ke jikin soro muka ajiye ta, inda Baba yake tara littattafansa. Baba malami ne, kuma yana da rumfar littattafan addini a kasuwar Kurmi. Da safe yake fita, ya dawo bayan azahar ya zauna a soro. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. A ɗakin nan ne kaɗai wutar solarmu take kaiwa da ƙarfi. Da na kunna sabar ta yi wani gurnani kamar jirgi zai tashi, kajin maƙwabta suka watse, sannan ta lafa ta koma nishi.

Saura zaɓi. Ba kai tsaye ake zuba kayan gwaji a kan saba ba. Ana gina wata kwamfutar a cikinta, ta manhaja zalla, wadda muke ce wa bi-em, domin in wani abu ya lalace ko cuta ta kama ta a goge ta a sake wata, uwar, wato sabar, tana nan lafiya. Hanyoyin yin haka uku ne, kuma sati biyu na yi ina juya su. Akwai kwantena, mai sauƙin nauyi, amma tana raba zuciya ɗaya da uwar, kayana kuwa suna son zuciyar kansu da katin sadarwar kansu. Wannan na ajiye ta gefe. Akwai wadda ake fara zuba wa sabar tsarin kwamfuta irin na kowa, mai allo da maus, sannan bi-em ɗin ta buɗe a ciki kamar taga. Akwai kuma wadda ake zaunar da manhajar rabo, mai yanka wa kowace bi-em kasonta na ƙarfin sabar, kai tsaye a kan ƙarfen, ba ado, ba hoto, komai daga nesa ake yi.

Wani abokin karatuna da ya riga ni shiga sana'ar ya ce in ɗauki ta ukun. Ya ce ita ce ta masu aikin gaske. Yadda ya faɗi “masu aikin gaske” ɗin ne ya sa na ɗauki ta biyun. Ban da haka ma ta fi sauƙin haɗawa, kuma na yi tunanin in ina gida zan zauna a gabanta da allo da maus kamar kowace kwamfuta. In na fita kuma sai in yi amfani da wata 'yar manhaja da ke hasko mini allon gida a kan laftof, duk abin da na taɓa a can ya motsa a nan.

Na yi wa mutanen gida bayani muna cin abinci. Na ce kwamfuta ce a cikin kwamfuta.

Baba ya ajiye cokali. “Ciki gare ta ke nan?”

Gwaggo ta ce, “Wata nawa?”

Na ce ba haka ba ne. Na ɗauko wani misalin, shi ma ya rushe. Daga ƙarshe na koma abin da na fi sani. Na ce, “Baba, abin da ya kamata ku sani shi ne, ɓarayin yanzu ba sa haura katanga. Ta waya suke shigowa. In sun shiga sai ka ga na'ura tana aiki da kanta, ba kowa a gabanta.”

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce Allah ya tsare. Na ɗauka maganar ta wuce.

A satin farko matsalar daga Gwaggo ta fito. Kakanninmu daga Barno suka zo, kuma duk da ba wanda ya rage a gidan da ke jin Barbarci in ban da gaisuwa, turaren wuta bai bar mu ba. Gwaggo tana haɗa shi tana sayarwa. Wata rana ina waje na shiga sabar na ga zafinta ya hau har ta fara rage gudu. Na baro abin da nake yi na dawo gida. Na tarar da kasko da garwashi a gaban sabar, daidai inda take zuƙar iska, an kuma ɗaura igiya a bayanta an shanya zannuwa huɗu. Hayaƙin yana shiga ta gaba ya fito ta baya da ɗumi, ya ratsa zannuwan.

Gwaggo ta ce, “Ke 'yar nan, ban taɓa ganin abin da yake kama turare irin wannan ba. Ba fifita, ba juyi.”

Na buɗe murfin sabar na share ta, tana ƙamshi kamar ɗakin amarya. Sannan na roƙi Baba, tunda a soro yake zama da yamma, ya riƙa sa mata ido kada kowa ya kusance ta. Ya ce ya ɗauki amana. Ya sa aka shigar masa da buzunsa cikin ɗakin, ya mai da karatun yammarsa can.

Aikina na farko da sabuwar na'urar na wani Alhaji ne mai sayar da kayan gini, da shaguna uku da ofishi a Kabuga. Mutum ne mai son ganin abin da ake yi masa. Ya sa hannu a takardar izini, ya ce a gabansa za a yi. Bayan la'asar muka zauna a ofishinsa, ni a tsakiya, shi a dama, manajansa a hagu yana riƙe da biro ba tare da takarda ba.

Na buɗe laftof, na shiga sabar da ke Yakasai. Allon gida ya bayyana, da tagar bi-em a ciki. Intanet ɗin ranar ba shi da ƙarfi, don haka in na ja maus sai kibiyar allon ta yi ɗan tunani kafin ta biyo. Na yi wa Alhaji bayani cewa wannan da yake gani ba a nan take ba, tana cikin gari. Ya ce ikon Allah. Na kunna kayan da ke zana taswirar kwamfutocinsa, ɗigo-ɗigo suka fara fitowa da layuka a tsakaninsu. Alhaji ya matso da kujera.

Sai kibiyar ta tafi kusurwar allo ba da izinina ba.

Na ɗauka intanet ne. Na jawo ta. Ta tsaya, ta yi rawa, ta koma kusurwar. Na sake jawo ta da ƙarfi, kamar ƙarfin hannu yana da amfani. Ta zame ta yi sama, ta yi ta kewaye kamar ƙuda a kan faranti, sannan ta faɗa kan alamar rufewa ta rufe mini taswirar.

Alhaji ya ce, “Malama, ke kike yi ko ita take yi da kanta?”

Na ce ɗan gyara ne. Na san ma'anar abin da nake gani, ni nake koya wa mutane. Wani ya shiga sabata. An ɗauko ni in gwada tsaron mutum, ga shi an fasa nawa a gaban idonsa. Na zaro waya a ƙarƙashin tebur na kira Baba don ya kashe na'urar. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira har sau huɗu.

Da na ga ba mafita sai na buɗe wurin rubutu a allon, na rubuta da Turanci ina tambayar ko wane ne. Can sai haruffa suka fara fitowa, manya-manya, ɗaya bayan ɗaya, da tazara mai tsawo kamar mai rubutun yana neman kowane harafi da fitila.

KAJI TSORON ALLAH

Alhaji ya gyara tabarau ya karanta a fili. Ya ce, “To fa. Ɓarawon naki yana miki wa'azi.”

Na ce a raina ashe ɗan gida ne, Bahaushe. Raina ya ɓaci. Na rubuta da Hausa cewa wannan na'urata ce, ya fita tun muna shaida juna. Amsar ta ɗauki kusan minti biyu.

KARYA KAKE TA YATA CE

Na karanta sau uku kafin na gane inda ƙugiya da waƙafi suka faɗi. Ta 'yata ce. Na tuna buzu a ɗakin littattafai. Na tuna allon da na bari a kunne da maus a gefensa. Na tuna da bakina na ce in ɓarayi sun shiga na'ura tana aiki da kanta. Duk abin da na yi tun da na zauna, Baba yana kallo a Yakasai.

Na rubuta: Baba?

BAN HAIFI BARAWO BA

Alhaji ya juya fuska wajen taga, kafaɗunsa suna motsi. Na rubuta cewa ni ce, Uwarsa, ina Kabuga wajen aiki, don Allah ya saki maus ɗin. Aka daɗe. Sannan:

IN KE CE ME KIKA CI DA SAFE

Na rubuta ɗumamen tuwo.

KOWA YA CI DUMAME

Manaja ya ce a hankali, “Gaskiya ne, ni ma shi na ci.” Alhaji ya ce ya yi shiru, ana aiki. Tambaya ta biyu ta fara fitowa, kuma tun kafin ta kai rabi na san inda ta nufa.

ME KIKA YI A MAKARANTAR ALLO AKA DAWO DA KE GIDA

Na dubi Alhaji. Ya naɗe hannu yana jira, kamar wanda ya biya kuɗin kallo. Ina da shekara biyar lokacin da abin ya faru, kuma na yi zaton na binne shi. Na sunkuyar da kai na rubuta cewa na shanye tawadar malam.

Alhaji ya tashi ya fita baranda. Ta jikin gilashi ina ganinsa ya dafa ƙarfe ya duƙa. Ni kuma ina kallon allo ina jiran a sakar mini na'urata.

WANNAN DUK UNGUWA AN SANI

Daga nan allon ya daskare, ya yi baƙi. Baba ya zare wayar wuta.

Ba a yi minti ɗaya ba wayata ta yi ƙara. Muryarsa a natse take, amma da ɗan haki a ciki.

“Uwata, kina ina? Kada hankalinki ya tashi. Wani ya shigo na'urarki, na kore shi.”

“Baba…”

“Sai dai ina zargin na kusa ne. Ya san abubuwa. Har maganar tawada ya sani.”

“Baba, ni ce.”

Ina jin kukan akuyar maƙwabta ta cikin wayar.

“Ke ce tun farko?”

“Tun farko.”

“To me ya hana ki kira?”

“Na kira sau huɗu.”

“Hannuna yana kan aiki,” in ji shi. Sannan ya ƙara da cewa, “Amma kina da taurin kai a maus.”

Alhaji ya dawo yana goge ido da bakin hula. Na ba shi haƙuri na ce za mu sake sa rana. Ya ce in ɗauki duk lokacin da nake so, shi yau ya ga tsaro.

Zare wutar bai bar sabar lafiya ba. Da na kunna ta washegari, bi-em ɗin ta ƙi tashi, uwar ma sai da lallashi. Na zauna a kan buzun Baba na yarda da abin da na ƙi yarda da shi sati biyu. Na kira abokin karatuna na ce ya tuna mini matakan hanya ta uku. Ya tambayi abin da ya faru da ta biyun. Na ce ta samu matsala daga mai amfani da ita. Bai ƙyale ni ba sai da na ba shi labarin duka, kuma har yau in mun haɗu a taro tambayata yake me na ci da safe.

Kwana uku na yi ina sake gini. Na goge komai, na zaunar da manhajar rabon a kan ƙarfen kai tsaye. Na gina bi-em ta kayan gwaji, na zaɓar mata allo mara nauyi don kibiya ta daina tunani kafin ta motsa. Na ɗauki kwafinta tana lafiya na ajiye, ta yadda in ta lalace zan mai da ita yadda take cikin ɗan lokaci. Shiga daga nesa kuma yanzu ta wata rufaffiyar hanya nake yi, kai tsaye zuwa cikin bi-em ɗin, ba tare da an hasko komai a gida ba. Allon da ke ɗakin littattafai ya zama baƙi, da layi biyu na rubutu a sama. Maus ɗin na cire na sa a jakata.

Baba ya shigo ya tsaya yana kallon baƙin allon.

“Ta mutu ne?”

“Tana aiki, Baba. Ba a gani ne kawai.”

“To yanzu in ɓarawo ya shigo, ta ina zan gan shi?”

Tambaya ce mai kyau, kuma ban tanadi amsarta ba. A yinin na ƙara wani tsari da zai turo mini saƙo a waya duk lokacin da aka shiga sabar, ko ni ce ko ba ni ba. Na gaya wa Baba cewa shawararsa ce. Ya ce ai ya sani.

Na koma Kabuga na ƙarasa aikin Alhaji ba tare da kowa ya taɓa mini kibiya ba. Abin da na gano bai buƙaci saba ba ma. Kalmar sirri ɗaya ce a shagunan uku, kuma an rubuta ta a takarda an manna a ƙasan kibod. Na haɗa rahoto mai shafuka da yawa. Alhaji ya karanta shafin farko, ya ajiye, ya ce shi darasin da ya ɗauka na Baba ne. Ya kira manajansa a gabana ya kafa doka: duk wanda ya bugo waya ya ce shi ne Alhaji, yana son a buɗe masa wani abu ko a canza kalmar sirri, sai an yi masa tambayar da Alhaji kaɗai ya san amsarta. Suka shiga ɗaki su biyu suka zaɓi tambayar. Na ce masa wannan ba laifi, amma ya daure ya karanta sauran shafukan. Ya ce zai karanta.

Bayan kamar wata biyu ina cikin adaidaita ya kira ni, ransa a ɓace. Ya ce yana kan hanyar tafiya, ya bugo wa manaja ya turo masa wasu takardu daga kwamfuta, manaja ya yi masa tambayar, shi kuma ya manta amsar da ya bayar. Ya faɗi uku duk ba su ba ne. Ya yi faɗa, ya ce muryarsa fa, manaja ya ce shi ma ya ji kamar muryar, amma doka doka ce, ya kashe waya.

“Malama, yanzu me za a yi?”

Na tambaye shi mece ce tambayar. Ya ce sunan malamin da ya fara zane shi a firamare. Ya ce matsalar su biyu ne suka zane shi rana ɗaya, kuma ya faɗi dukansu, da na hedimasta. Na ce ni ba abin da zan iya yi daga nan, sai dai ya koma ofis da ƙafarsa a gan shi. Ya yi tsaki, ya ce zai kori manajan. Sannan ya ce a'a, ba zai kore shi ba, amma zai daɗe bai gaishe shi ba.